Mai Jefa Ƙwaya a Ƙofar Sito

Masu neman aiki bakwai ne kan benci a ƙofar sitonmu na Al Quoz, manaja ya ce in zaɓi ɗaya ya riƙe makulli. Shida sun cika mini kunne da labarin amanarsu. Na bakwai siriri ne mai furfura a gemu. Takardarsa ta ce Jeremiah, bizarsa saura kwana tara.

Yana jefa ƙwayar ludo cikin murfin kwano, ya duba wani kati, ya rubuta a littafi.

Na ce, "Malam, caca a Dubai?"

"Haba, oga! Ƙwallon Amurka ce, kakar 1922 nake sake bugawa, ƙwaya ke yanke kowane wasa. In ƙungiyata ta faɗi yau, khalas, shi ke nan, ba kofi."

Ina jin ya yi watanni yana bin kakar nan a ɗakin kwanan leburori mai mutum takwas. Na koma bayan kwalaye ina leƙensa. Ya jefa, ya dafe kai. Sauran shidan na can suna hirarsu, ba ya ganin kowa na kallonsa, in ya so zai sake jefawa. Sai ya yi tsaki, ya rubuta an ci su.

Na ciro makulli. "Jeremiah, yalla, taso."