Mai yankan makulli ya daina hira

Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana jingine da rumfar mai yankan makulli, langa-langa ɗaya ce ta raba mu. Yaya nake ce masa, don ya girme ni, kuma ya riƙe ni kamar ƙanwa. Mutum ne mai surutun tsiya. Yana goga makulli da zarto yana tsokanata: "Ƙanwata, wannan rigar ta mutum ce ko ta buhu?"

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya yanka makulli sai mai shi yana tsaye a gabansa. In ya gama ya miƙa tsohon da sabon, ya buɗe tafin hannunsa a ga bai rage komai ba. Wanda ya kawo masa shatin makulli a jikin sabulu kuwa, korar kare yake masa.

Sai aka wayi gari an kwashe babban ɗakin ajiyar kaya na bayan layinmu, ko kwado ɗaya ba a fasa ba. 'Yan sanda suka ce aikin mai makulli ne. Su uku suka shigo shagona, babbansu ya zauna a kan keken ɗinkina, ya ce ko in ce na ga ana kawo wa Yaya sabulu, ko in bi su. Tsoro ya kama ni. Na faɗa, wallahi na faɗa, har na sa hannu. Ban je kotu ba, takardar ce ta je, sai nake gaya wa kaina bai san ni ce ba.

Shekara huɗu ya yi a gidan yari. Yana can matarsa ta rasu, aka sayar da injinsa.

Bara ya dawo rumfar da wani tsohon inji, haƙoransa biyu na gaba babu. Ba hira, ba tsokana, gaisuwa ma da kai yake amsawa. Wata rana na leƙa ta hujin langa-langar, na ga an ba shi makulli ɗaya ya yanka biyu. Ɗaya ya miƙa, ɗaya ya sulale cikin wani gwangwanin madara a ƙarƙashin benci. Gwangwanin ya kusa cika.

Daga nan aka fara ƙananan maganganu. Mai ɗakin ajiyar ya dawo gida da rana tsaka, ya tarar ƙofarsa a kulle, ba a ɗauki ko tsinke ba, amma an jawo kujera ɗaya tsakiyar falo tana kallon ƙofa. Babban 'yan sandan nan ma haka ya tarar a gidansa. Cikin wata guda ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar.

Ni kuwa na tafi can ƙarshen gari na sayo sababbin kwaduna, na gida da na shago. Ko a kan teburi ban taɓa ajiye makullan ba.

Ranar Talata na iso shago, na zazzage jaka kaf, ashe na baro makullin a ɗaki. Ina tsaye ina tsaki sai na ji shi a bayana.

"Ungo, ƙanwata."

Sabon makulli ne, da sauran ɗuminsa. Na zura a kwadon, ya buɗe kamar an shafa masa mai.

"Yaya, a ina ka..."

"Na gidan ma yana nan, in kina so," ya ce, ko ɗaga murya bai yi ba. "Sau biyu aka karanta min takardarki a kotu. Kin iya sa hannu."

Ya koma rumfarsa ya tada inji. Har azahar ina zaune, na kasa zura zare a allura.