Akuyata da Ta Zama Benci

A shekarun da aka buɗe firamare ga kowa, an gina mana sabon aji a Nasarawo, bangonsa fari tas. Malaminmu, Malam Yohanna mutumin Kaltungo, ya ce wanda ya fi iya zane shi zai zana dabbobi a jikin bangon. Kai, yadda na ƙwallafa rai! Na zana akuya na kai masa da rawar jiki. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Sale, wa ya sa wa bencin nan ƙaho?" Aji ya kwashe da dariya. Ya ce in sake kafin gobe, in ba haka ba ya ba wani.

Bayan magariba na zauna bakin murhu ina kumbure-kumbure. Dada, kakata, tana gasa ƙarfen da take yi wa ƙwarya ado da shi.

"Maigida, wa ya taɓa min kai? Matso. Ga ta nan, yau taka ce kai kaɗai."

Wai wani makiyayi ne saniyarsa ta ɓata. Ya je wurin mai zanen ƙwarya ya ce ta zana masa ita, ya riƙa nunawa a kasuwa. Ta ce, yaya take? Ya ce ƙaho biyu, ƙafa huɗu, jela ɗaya. Ta zana. Ranar kasuwa ya ɗaga ƙwarya sama, sai ga jama'a ca a kansa, kowa na ihu, "Tawa ce! Ina ka kai min ita?" Dada ta miƙe tana kwaikwayon gudunsa, zanin da ta ɗaura na kwancewa, ni kuwa har da faɗuwa don dariya. Ashe duk wannan hayaniyar saniyar tana gefensa tana tuƙa. Shekara bakwai yana kiwonta, bai taɓa lura ƙahonta na hagu a lanƙwashe yake ba.

"Ƙurunƙus, kan makiyayi. Tashi ka jawo min akuyar can."

Ta miƙo min gawayi da takardar buhun siminti. "Kada ka kalli hannunka, ido kan akuya. Bar ƙafafun, zana sararin da ke tsakaninsu." Duk sanda na saci kallon takarda sai ta ɗana min ranƙwashi. Na farko ya fito kamar igiya a cukurkuɗe. A na biyar, wallahi sai ga gwiwar baya ta lanƙwaso da kanta! Na daka tsalle har akuyar ta tsorata.

Da safe na miƙa wa Malam sabon zanen a aji, bai ko buɗe baki ba, Ladi 'yar maƙwabtanmu ta leƙo. "Lah! Ai wannan akuyar Dada ce da ta cinye mana alayyahu!" Ranar na hau tebur da fenti, na fara zana dabbobin a bango.

Da na shiga kwalejin horon malamai, sai na tarar ana koya mana waɗannan dabaru cikin manyan littattafai, wai bincike ya nuna yaro yakan zana abin da ya sani, ya bar abin da ke gabansa. Na yi ta murmushi, ina ganin ni na gama iya kallo.

Shekarar da Dada ta rasu na zauna in zana fuskarta. Na san tana da tabon ƙuna a kumatu. Har yau ban san ko na dama ne ko na hagu ba.