Shekarar da Baba Ya Manta da Ni

Shekarar da Baba ya fara mantuwa ina digiri na biyu, kullum sai na hau danfo biyu, ƙananan bas ɗin Legas, daga Agege zuwa jami'a. Aikina a kan dodon koɗin teku ne, irin marar ƙoƙo a baya, wanda masunta ke kawo mana cikin bokiti. Jijiyoyinsa kaɗan ne kuma manya, shi ya sa ake nazarin koyo da shi. Zan taɓa shi da ɗan burushi, ya janye matattarar numfashinsa, in duba agogo in rubuta. Idan aka yi ta taɓawa sai ya saba, ya daina janyewa.

Baba tsohon ɗan goro ne, a Legas aka haife shi. Da yamma idan na dawo yakan tambaye ni, "Uwata, me kike yi a makarantar nan ne?"

In faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Yarbawa na cin nasu, ke kina koya wa naki karatu!"

Gobe ma haka, tambaya ɗaya, dariya ɗaya. Daga baya dariyar ta tafi, sannan tambayar. Wata rana ya dube ni ya gaishe ni da Yarbanci, ya ce kwandon goro nawa nake so. Na amsa masa da Yarbanci na ce biyu. Umma ta fita tsakar gida tana kuka, ni kuwa na ci gaba da ba shi kunu.

Ranar Alhamis ya rasu. Yayana ya kira ni ina kan taɓawa ta shida cikin goma. Na ce, "To, Yaya, ga ni nan." Na ajiye wayar na ƙarasa huɗun da suka rage, na wanke hannu, na fita. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, kafin in isa an kai shi.

Mata suna ta rungume ni suna cewa in yi haƙuri. Ina amsawa, ina kallon takalman da ke bakin ƙofa.

Bayan sadakar bakwai na koma makaranta. An ɗauke wuta kwana biyu, injin da ke ba ruwansu iska ya tsaya, dodon koɗi uku sun mutu. Malamina ya yi min gaisuwa, ya ce in huta wata guda.

Na ce, "A'a, oga, a dai kira masuntan."

Litinin suka kawo sababbi, na sake farawa daga farko.