Rajista Mai Shafi Biyar

Har gobe ba zan manta da wata Laraba a daminar 2008 ba. Ina da shekara sha bakwai, ina aiki a shagon takalma na Madam Uche a Sabon Gari. Ƙaninta Obi ya buɗe mata shago a intanet don ɗaliban Samaru su zaɓi takalmi, a kai musu gida su biya. Aikina shi ne duba oda. Mako uku ina dubawa, ko silifas ɗaya ba a saya ba.

"Rifkatu, in Asabar ta yi ba oda, na rufe abin nan, ke kuma ki koma gida," in ji Madam a ranar Larabar.

Na ja ƙawata Talatu, ɗaliba mai haya a Bomo, muka shiga kafen intanet a Samaru ta gwada saye ina kallo. Kafin ta taɓa takalmi sai da rajista shafi biyar, wadda Madam ta kwafo daga fom ɗin banki: ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, sunan mahaifiya. Kafin kowane shafi ya buɗe, za ki iya dafa wake. A na huɗu aka ce dole sunan titi da lambar gida.

"Wane titi a Bomo?" in ji Talatu. "Ke, miji zan aura ko takalmi zan saya?"

Nan tikitinta na rabin awa ya ƙare.

Na je na yi wa Obi ƙarya cewa Madam ta ce a share komai a rajistar, a bar suna, lambar waya da kwatancen gida. Ya kuwa share.

Ran Juma'a Madam ta ƙwala mini kira. Na same ta gaban kwamfuta.

"Wa ya taɓa fom ɗina?"

"Ni ce, Ma."

"Zo ki karanta mini wannan."

Oda ce. Kwatancen ya ce: "Bomo, bayan injin markaɗe, a tambayi gidan mai gurguwar akuya."

Ta ja kunnena saboda ƙaryar, har na ji ya kai kafaɗa, sannan ta miƙo mini kwalin takalmin. "Je ki nemo akuyar."

Na sami akuyar kwance a ƙofar gidan. Daga ranar na gane cewa mai saye ba ya son a tuhume shi. A tambaye shi abin da ya sani, a bar shi ya sayi kayansa.