Herminia da Takardar Tsohon da Ya Ƙi Ci

Shekara ashirin da shida Herminia Quilodrán ta yi tana tafinta a garin Fairfield, tsakanin Turawa da 'yan uwanta mutanen Chile. Masifaffiya ce ta bugawa a jarida, amma a bakin aiki ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya tata ba. Dokar sana'ar ke nan: ka faɗi abin da aka faɗa, ka ja bakinka.

Ran nan aka kira ta gidan kula da tsofaffi, ta juya wa wata mata, Maritza, takardar jinyar mahaifinta zuwa Sifaniyanci. Tsohon, mai suna Don Eleodoro, ya rame ya zama ƙashi da rai. Likita na son a zura masa robar abinci ta hanci, sa hannun 'yar kawai ake jira.

Herminia ta bi layi-layi. "Ya tsakuri abinci. Ya ture faranti. Ya ƙi ci." Tana juyawa ranta yana tafasa. Kullum ƙarfe biyar na yamma, nama da dankali, a ɗaki, shi kaɗai. Haba! Wane ɗan Chile ne zai ci wannan? Abinci mai nauyi da rana ake cinsa, yamma ta shayi ce da burodi, a tebur, ana hira.

Maritza ta ɗauki biro tana hawaye. Herminia ta cire katin aikinta ta buga a tebur.

"Ke, ajiye biron nan! Don kin daɗe a nan sai ki manta yadda ake yi a gidanku? Wata biyu suna rubuce-rubuce, ba wanda ya tambaye shi!"

Shugabar masu jinya ta ce, "Fassara aka kira ki. Zan kai ƙararki."

"Ki kai. Ki ƙara da cewa na yi miki tsawa."

Ta san dakatar da ita za a yi, ko a jikinta. Ta kutsa kicin ta haɗa shayi, ta gasa burodi, ta murje fiya da gishiri ta shafa. Ta ja kujera gaban tsohon.

"Don Eleodoro, shayi ya yi."

Ya kalle ta. Ya raba burodin biyu, ya tura mata rabi. Sai da ta kai baki sannan ya gutsura. Ya ɗago ya ga 'yarsa tsaye a bakin ƙofa.

"Zauna mana, 'yata. Tun da uwarki ta rasu ba wanda ya zauna ci da ni."