Nyak Sapiah, Wadda Ta Zauna da Ni Bayan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Nyak Sapiah, mai wankan gawar mata a ƙauyenmu na bakin teku a Aceh, bayan jinyar ciwon ƙoda. Da la'asar aka kai ta makwancinta.

Nyak, kafin shekarar da teku ya hau kanmu, gaisuwa ce kawai tsakanina da ke. A safiyar Lahadin nan ruwa ya tafi da mijinki da 'ya'yanki duka, ni kuma ya fizge mini 'ya'yana Rizal da Intan daga hannuna. Ba a ga gawarsu ba. A tantin 'yan gudun hijira aka shimfiɗa mini tabarma kusa da taki.

Na daina ci, na daina magana, sallah ma ta gagare ni. In aka kira sallah sai in juya fuskata ga bangon tanti. Mata suka yi ta zuwa da nasiha, wasu har da tsoratarwa. Ke ba ki taɓa ce mini in tashi ba. Sai ki yi alwalarki, ki tayar da sallah a gefena, in kin sallame ki turo mini kwanon shinkafa, ki ce in taya ki domin ba ki iya ci ke kaɗai ba.

Wata rana da hantsi na nufi teku, ba da niyyar dawowa ba. Ruwa ya kai mini gwiwa sai na ji an riƙe mini zane. Ashe tun daga sansani kike bin bayana. Na juyo na tambaye ki ina Allah yake ranar da ruwa ya zo. Na zaci za ki toshe mini baki. Sai kika ce, "Nurbaiti, ni ma kullum sai na tambaye Shi, kuma har yau ban sami amsar da zan ba ki ba. Amma Shi nake tambaya, don na san Yana ji. Zo mu koma, ƙafafuna sun yi sanyi."

Na bi ki muka koma. Sallah ba ta dawo mini a ranar ba, sai da aka yi watanni, kuma da ta dawo matsawa kawai kika yi kika ba ni wuri a kan darduma.

Ke kika fara kai ni babban kabarin da aka binne dubban mutane ba suna. Na tsaya ina dube-dube, ban san inda zan fuskanta ba. Kika ce in zauna ko'ina, duk namu ne, Wanda ya karɓe su bai ruɗe da sunan kowa ba.

Daga baya marayun ƙauye suka cika gidan katakon da aka gina miki. Da busar da kifi kika ciyar da su. Kina da faɗa, kowa ya sani. Wanda ya bar miki kifi a ruwan sama ba ya manta ranar. Amma duk gidan da aka yi mutuwa ke kike fara isa, ki zama ta ƙarshen fita.

A kwanakinki na ƙarshe na tambaye ki ko kina jin tsoro. Ba ki ɓoye mini ba, kika ce kina ji, domin ba ki taɓa bin hanyar nan ba. Kika ƙara da cewa in je in huta, ko na fita ba ke kaɗai ba ce a ɗakin.

Ni na yi miki wanka, Nyak, yadda kika koya mini.

Ya Allah ka ji ƙan baiwarka Sapiah, ka yafe kurakuranta, ka sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara. Ka haskaka kabarinta, ka sada ta da mijinta da 'ya'yanta a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninta Teungku Basyah da iyalinsa, da dukan waɗanda suka tashi a hannunta. Ba ta bar ɗan cikinta ko ɗaya ba, amma ranar jana'izarta masu karɓar gaisuwa sun fi masu yin ta yawa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.