Benen da Ba a Rubuta Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Ya Bukar, maginin nan na unguwar Bolori a Maiduguri. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in ajiye, domin abin da ya kamata in rubuta ba zai yi mini daɗi ba. Bana dai na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya Bukar bai yi nisa a boko ba, amma ba ya aza bulo sai an rubuta yarjejeniya: ɗaki nawa, wane irin rodi, wa zai ɗauki alhakin me. Mu ƙannensa har tsiya muke yi masa, muna kiransa lauyan siminti. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce baki yana mantuwa, takarda ba ta yi.

Surukina, wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kasuwar Litinin, ya ba shi kwangilar shaguna shida a Gamboru, ginin ƙasa. An rubuta, an sa hannu. Da aiki ya kai linta, wato saman ƙofofi, sai Alhaji ya zo ya ce a ɗora bene. Ya Bukar ya ce harsashin ba zai ɗauka ba. In kuma dole ne, a kira injiniya, a rubuta cewa umarnin mai gini ne. Ran Alhaji ya ɓaci, don a wurinmu ka nemi dattijo ya sa hannu a kan maganarsa tamkar ka ce masa maƙaryaci ne. Ni na ja wana gefe na ce, “Ya Bukar, uban matata ne fa, kada ka kunyata ni. Ga ni nan, ni ne shaida.” Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “To, Mala, saboda kai.” Muka shafa fatiha mu uku, aiki ya ci gaba.

Damina biyu benen ya yi, bango ya tsage tun daga sama har ƙasa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Alhaji ya kai ƙara, lauyansa ya ce magini ne ya ba da tabbacin harsashin zai ɗauka. Babu takardar da za ta ƙaryata shi, sai aka kira ni. Na kalli surukina, na tuna shagon da nake ci da iyalina a ciki nasa ne, na ce wa alƙali ban tuna yadda maganar ta kasance ba. Alhali na tuna sarai, har da rigar da ke jikin wana a ranar.

Kotu ta ɗora wa Ya Bukar laifin. Daga nan ko katanga ba wanda ya ƙara ba shi, ya koma lebura a ƙarƙashin waɗanda ya koya wa sana’a. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Yau gine-gine sai tashi suke yi a Maiduguri, masu gida suna sauya tsarin gini ta wayar salula, magina suna cewa to don kunya. Ina jin da Ya Bukar yana raye da zai girgiza kai ya ce har yanzu ba mu yi hankali ba, kuma ni zai fara kallo.

Me ya rage nasa? Gidajen da ya gina yadda ya so suna nan daram a Bolori, ba mai ambatonsu. Benen nan guda shi ake tunawa. Babban ɗansa Modu ya gaji sana’ar, kuma har gobe ana hana shi aiki ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kwanan baya ya same ni a shago ya ce, “Baffa, kai kana wurin. Da gaske Baba ne ya ce harsashin zai ɗauka?” Na ce masa rana ta yi, mu je masallaci.

Alhaji yana raye, kuma na san za a karanta masa wannan. Duk abin da zai biyo baya, ya biyo. Modu, ga amsarka: mahaifinka ya ƙi, ni na matsa masa, kuma ni na yi ƙarya a gaban alƙali. Allah ya jiƙan Ya Bukar, ni kuma ya yafe mini.